Taransifa ta Bakwai

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin? Ni jiki da sauƙi, zama ne dai ya gagare ni.

Yau wata guda da rasuwar mahaifiyarki. In na zauna a falo ba na minti biyar sai in miƙe, in leƙa ɗakinta, in fita bakin ƙofa, in dawo ban san me na je nema ba. Kwalaben maganina huɗu, ashe ban san na safe da na yamma ba. Shekara ashirin ita ke zuba mini a tafin hannu, ta tsaya a kaina ta ce Kofur buɗe baki in gani. Da muƙamin Manjo na yi ritaya, amma a wurinta ban taɓa wuce Kofur ba.

'Yarki Takwara ce ta rubuta mini lokutan a jikin kwalaben. Tana ƙoƙari, sai dai ta rame. Kin san tun tana wata takwas da kika kawo mana ita, a bayan kakarta ta girma. In mahaifiyarki ta taso daga aikin jinya a asibiti ƙafa a kumbure, ko farin kayan ba ta cire ba za ta sunkuya ta goya ta.

Maganar da kika tambaya: an yi wa saurayin Takwara, sojan nan, canjin wurin aiki zuwa nesa. Yana so a ɗaura aure ta bi shi, shekara ɗayan da ta rage mata a makarantar jinya ta jira. Na ce masa to, haka rayuwar matar soja take. Ita Takwara ban tambaye ta ba. Tun ranar ban sami sukuni ba.

Ki gaishe da kowa.
Mahaifinki.

Autata,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya. Ban jira amsarki ba, don akwai abin da ke cin raina.

Sau goma sha ɗaya aka yi mini taransifa. Duk barikin da muka sauka, mahaifiyarki takan ɗaure kwalaye, ta cire ku daga makaranta, ta je sabon asibiti ta fara daga ƙasa, yaran da ta girme su suna ba ta umarni. Lokacin da aka tura mu fagen daga wata goma sha huɗu, ita kaɗai ta riƙe ku, ta riƙe matan bariki ma. Rabin yaran layinmu a hannunta aka haife su.

Ta bakwai ce matsalar. Kina aji uku aka zaɓe ta ta shugabanci ɗakin haihuwa na babban asibiti. Ta dawo gida tana rawa da takardar a hannu. Ni kuwa abokai suka dame ni da tsiya, wai yanzu sai in riƙa sara mata. Na ji haushi. Da ƙafata na je ofis na roƙi a canza mini wuri. Da takardar ta fito na kawo mata, na ce umarni ne daga sama, ba yadda zan yi. Ta karanta, ta ninke, ta tashi ta hau neman kwalaye. Ba a sake ba ta irin wannan muƙamin ba har ta ajiye aiki.

Shekara talatin da ɗaya ina cewa gobe zan faɗa mata. Ko a gadon asibiti na buɗe baki, sai ta tambaye ni ko na sha magani, na ce e, na fasa faɗa.

Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama.
Mahaifinki.

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso. Layi uku ce, na kuma fahimta. Ba zan ce ki huce yanzu ba.

Shekaranjiya na kasa zama, na tafi gidan aminiyar mahaifiyarki, tsohuwar nas ɗin nan da kuke kira Anti Mai Gilas. Na zayyana mata komai. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ai matar magatakardan ofishinmu a hannun mahaifiyarki ta haihu a satin, kuma ita ta faɗa mata wanda ya nemi canjin. Ta ce kwana biyu mahaifiyarki tana shiga ɗakin ajiye magani ta kulle ta yi kuka. Har ta haɗa kayanku za ta tafi gidansu, sai ta fasa saboda ku.

Na tambaye ta ko ta yafe mini. Ta cire gilashinta ta ce ba ta sani ba, abin da ta sani shi ne ta daɗe tana jira in faɗa da bakina.

A ƙafa na dawo, ban ma tuna na je da mota ba.

Jiya na kira saurayin Takwara. Na sa Takwara ta zauna, na tambaye ta a gabansa me take so. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta, sannan ta ce tana son sa, tana kuma son ta gama karatunta. Na ce masa na janye amincewata, ya je ya kama aiki, shekara ɗaya ba ta kashe soja. Ransa ya ɓaci. Na ba shi labarin taransifa ta bakwai tun daga farko, ita ma tana ji. Ya fita, amma da safen nan ya aiko mata cewa zai jira.

Takwara ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ɗazu dai na ji ta a ɗakin kakarta tana guge farin kayanta na makaranta. Litinin za ta koma.

Ki zo in kin samu hali, ko faɗan ne ki yi mini ido da ido.
Mahaifinki.