Turaren Inna a Hawa na Huɗu

Laraba da dare, kwanana tara a Ingila.

Ɗazu na kunna turaren wutan da Inna ta ƙullo min daga Makarfi, sai na'urar hayaƙi ta ɗauki ƙara, maƙwabta suka firfito. Wani Bature ya buga ƙofa, ina buɗewa sai ga shi a falona, kaina ko ɗankwali babu. Gidan nan ba zaure, ba tsakar gida.

Da maigidana ya dawo, ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Ki kiyaye, duk katako ne." Ga mu a hawa na huɗu, ƙofa ɗaya.

Inna ta kira tana tambaya, "Ɗakin ya kama ƙamshi?" Na ce ya kama. Kaskon yana ƙarƙashin gado, sau uku ina tashi in taɓa shi, in tabbatar ya huce.