Habu Ya Narke Liyarin Kaka

Tsarnawa, bayan girbi

Yaya Isa,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Yaya Hajara da yara? Mu nan lahiya lau, gero ya shiga rumbu, alhamdu lillahi.

Abin da ƙanenmu Habu ya yi ne ya sa na rubuto, har yanzu raina a ɓace yake. Ka tuna liyarin Kaka guda biyu, tsohon kuɗin azurfar nan mai hoton mace, da take ratayawa ran salla? Bara wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo daga Sakkwato, ya yi ta roƙo, Inna ta ce abin uwarta ba na kasuwa ba ne.

To, Habu ya sace ɗaya ya kai ma maƙeri a Ƙonni, aka narke shi aka yi mai zobe. Wai wani boka ya ce in ya sa zoben tsohuwar azurfa, bayanshi ba ya taɓa ƙasa a kokawa. Da na tsare shi, sai ya ce, "Haba Ladi, kuɗin da ko goro ba ya saye?" Tir!

Inna ta kasa cin tuwo. Na ɗinke ɗayan cikin matashinta.

Ka gaida mutanen gida, ku sa Inna a addu'a. Shi ko gwanin naka, karon farko aka maka shi da ƙasa, da zoben a hannu.

Ƙanwarka,
Ladi