Kujerar Ƙofar Banɗaki

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Kin san ƙanenmu Dogo, duk abin da ya shiga kunnensa sai ya fito ta bakinsa, kuma da muryar mai maganar. Rannan na yi gulmar mai gidan da muke haya a waya, ya maimaita ta tas a gaban mutumin, har da tsakin da na ja.

Tun da na ɗauko shi daga gidan Inna bayan rasuwa, ruwa bai taɓa jikinsa ba in ban da hannu da fuska. Yana ci, yana barci, yana bi na shago ya jera mini zare launi-launi har masu kawo ɗinki suna yabawa. Amma wanka, ko da wasa. Wuyan rigarsa ya yi baƙi ƙirin, bayan kunnensa ya fara tsagewa, yarana sun daina yarda su zauna kusa da shi a mota. Na lallaɓa, na yi faɗa, na yi kuka. Sai ya kalli bango yana kaɗa kai.

Ga abin da ya fi damuna. Duk safiya in na shiga wanka, sai in ga inuwar ƙafafu ta ƙarƙashin ƙofa, ba ta motsi. Da na kashe ruwa sai a ƙwanƙwasa, in ji an ce, "Ya isa haka, fito kada sanyi ya kama ka." Yaya, muryar Inna ce sak, har da ɗan tarin nan da take yi kafin ta yi magana. Ranar farko sai da na tsuguna a ƙasa. Na san shi ne, amma sanin bai hana tsigar jikina tashi ba har yau.

Baban yara ya ce ba zai lamunci ƙato mai gemu a ƙofar banɗaki matarsa tana ciki ba. Ya fara maganar wani gidan kula da masu irin lalurarsa da ke bayan gari. Ni kuwa na san in aka kai Dogo can, baƙin ciki zai kashe shi. Ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ƙanwarki.

*

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni lafiya, kuma na karanta ta da natsuwa, abin da nake fata ke ma za ki koya.

Tun kuna yara kin cika gaggawa. Galahanga, wato lalurar da Dogo yake fama da ita, ba taurin kai ba ce, likitansa ya sha faɗa mana. Abin da yake ruwa a jikinki, a jikinsa kamar allurai ne in ya zubo daga sama, shi ya sa Inna ba ta taɓa sa shi ƙarƙashin shawa ba. Ki samo bokiti da kofi, ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi. Ki kashe wannan farar fitilar taku mai ƙugi, domin shi yana jin ƙararta ko da ke ba kya ji. Ki kwashe turarukanki daga wurin. Na haɗo miki da irin sabulun da ya saba, marar ƙamshi, da tawul mai nauyi, don Inna takan ce ba ya son abin da ke shafar fatarsa sama-sama.

Iyakar abin da na sani ke nan. Na bar gida yana ƙarami, ke ma aure ya ɗauke ki, Inna ce kaɗai ta san sauran. Don haka na rubuta wa maƙwabciyarta, Maman 'yan biyu, na ba ta adireshinki, ko ta ga wani abu da mu ba mu gani ba.

Maganar muryar kuwa, ki daina tsorata kanki. Inna tana inda take. Game da mijinki, kada ki yi masa tsiwa, yana da tasa gaskiyar. In abin ya gagara, ba laifi ba ne a kai Dogo inda aka san aikin. Na san za ki ce ba ni da tausayi. Ina da shi, nisa ne ya yi mini yawa.

Ki gaishe da Baban yara. Ki huta lafiya.

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, an gode, har da wa'azin.

Na yi duk abin da kika ce. Da ya ga sabulun sai ya kai shi hanci, ya daɗe yana shinshina, fuskarsa ta saki kamar na ba shi kyauta. Shi da kansa ya tara ruwa, ya tsoma gwiwar hannu ya gwada, ya rataye tawul. Zuciyata ta yi fari, na ce yau dai an gama. Na tura yara makaranta, gida ya yi tsit. Ya sa ƙafa ɗaya ciki. Ni kuma don kada in tsaya masa a kai, na jawo 'yar kujerar roba na zauna a bakin ƙofa.

Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan ƙarar ba. Ya fito a guje, ya finciko ni daga kan kujerar, ya yi jifa da ita har ta fashe a bango. Sannan ya riƙe hannuna da hannu biyu yana leƙa fuskata, shi da ba ya kallon idon kowa. Da ƙyar na ɓamɓare yatsunsa, kuma wurin ya tashi ya yi shuɗi.

Baban yara ya ga hannun da yamma. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi yau ni ce, gobe ɗaya daga cikin yaran. Ya yi waya gidan kula ɗin nan na bayan gari, za su turo mota ranar Asabar. Na haɗa wa Dogo jaka ina ɓoye hawaye, shi kuma yana gyara mini ninkin rigunan don wai ban daidaita hannuwan ba.

Ban san me na yi masa ba, Yaya. Zama kawai na yi.

Ƙanwarki.

*

'Yata,

Ina yi miki sallama, ina kuma yi miki ta'aziyya. Ni ce Maman 'yan biyu ta gidan da ke jikin na mahaifiyarku. Ki yi haƙuri da rubutuna, idona ya yi rauni.

Yayarki ta tambaye ni yadda marigayiya take yi da Dogo wajen wanka. Katanga ce kawai tsakaninmu, don haka na sani. Shi wanka yana iya wa kansa tsaf. Abin da bai iya ba shi ne sanin lokacin da aka gama. In ba a ce masa ya fito ba, zai yi ta tsayuwa. Saboda haka kullum takan zauna a kujera a bakin ƙofar, ta jingina da bango, in ta ji ruwa ya ƙare ta ƙwanƙwasa ta sallame shi. Tun yana yaro haka suke, har gemu ya fito masa.

Ranar da abin ya faru na ji shigarsa da safe kamar kullum. Ƙwanƙwasawar ce ban ji ba, amma ban kawo komai a raina ba, na tafi kasuwa. Da na dawo rana ta take, na ji gidan shiru, na shiga. Tana zaune a kujerar, kanta a jingine, ta riga ta yi sanyi. Na kira sunansa, bai amsa ba. Sai da na tuna, na ƙwanƙwasa na faɗi abin da take faɗi, sannan ya buɗe. Leɓensa ya yi fari, yatsunsa sun yamutse, sabulu ya bushe a jikinsa. Ashe tun safe yake tsaye yana jira. Abin da ya fara gani da ya fito kuwa ita ce.

A wurin makoki an ce muku a zaune ta cika, kuma gaskiya ne. Kuna ta kuka, ban ga amfanin ƙara muku da sauran ba. Da na san ba ku san zancen kujerar ba, da na faɗa.

Ki gaishe mini da shi. Ki ce masa kyanwata tana nemansa. Allah ya ba ku haƙuri.

Maman 'yan biyu.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ga takardar Maman 'yan biyu nan na haɗo miki, ki nemi wuri ki zauna kafin ki buɗe.

Ta iso ranar Juma'a. Na miƙa wa Baban yara, ya karanta, ya ajiye. Ashe duk tsayuwar nan a ƙofa, Dogo gadina yake yi don kada a manta da ni a ciki.

Da safiyar Asabar na ce wa Dogo ba zan zauna ba, a tsaye zan jira, kuma ba zan daina magana ba har ya gama. Ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya shiga. Na yi ta zuba kamar rediyo, labarin shago, tsadar yadi, matar da ta ce na matse mata riga alhali ita ce ta ƙara ƙiba. Ina jin kofi yana taɓa bokiti, ruwa yana sauka. Sai kuka ya zo mini, maganar ta yanke.

Ruwan ma ya tsaya. Can na ji ya yi magana, da muryarsa shi kansa, a hankali.

"Kin mutu?"

"Ban mutu ba, Dogo. Ina nan."

Ya ƙarasa, na sallame shi, ya fito. Baban yara yana tsaye a bayana, ban san lokacin da ya zo ba. Da motar ta iso, shi ya fita ya ba su haƙuri suka juya. Ya ce duk ranar da nake da sammako shi zai tsaya wa Dogo a ƙofar.

Jiya na rufe shago na je asibiti aka gwada mini jini da zuciya, ni da ko ciwon kai ba na kai wa likita. Sun ce jinina ya ɗan hau, sun ba ni magani, kuma ina sha ba fashi. Ke ma ki je, Yaya. Mu biyu muka rage masa.

Ƙanwarki.