Ranar da Munka Hau Tudu da Rediyo

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji. Yau jikokinka sunka tambaye ni labarin rediyon nan da ka sawo Maraɗi zamanin Turawa, na yi ta dariya ni kaɗai.

Ka tuna damina biyu ba mu ji ɗuriyar ɗanmu na fari ba, tun da ya tafi Kaduna neman aiki. Sai wani ɗan koli ya ce maka a kasuwar garin Isa ya ji an karanta gaisuwarshi cikin rediyo, wai duk Alhamis bayan la'asar ake yi. Mu ko namu sai shuu yake, kamar ana suyar ƙosai.

Ba abin da ba ka yi ba. Ka sake batir, ka lulluɓe shi da bargo wai sanyi ya kama shi. Daga baya ka ɗora wa turmina laifi, ka hana daka ran Alhamis. Mako uku muna cin ɗumame, Maigida, don Allah dubi wannan aiki!

Mai kawo muna nono ce ta warware. Ta ce mai allurar shanu ya kunna nashi a rugarsu bisa tudu, magana tar-tar. Ashe tudun da ke kudu da gidanmu ne ya tare muna Kaduna.

Ran Alhamis munka hau tudun, batir bisa jaki, akwatin rediyon bisa kaina da gammo. Duk wanda munka gamu da shi sai in ce itace za ni, don kunyar ɗan fari ba ta bari in ce ga abin da ya fito da ni.

Da muryar ta fito ta ambaci garinmu Gatawa, ta ambaci sunanshi, sai na juya baya ina tsintar ƙirare, hawaye na zuba. Ba ka dube ni ba. Ka ƙara murya, ka dafa wuyan jakin ka ce mashi, "To, ka ji dai, lafiya lau yake, kuma yana gaida uwatai."

Ban taɓa gode maka ba, kunya ta hana. Na gode.

Allah shi haskaka kabarinka, shi sada mu cikin Aljanna.

Taka har kullum,
Uwar 'ya'yanka