Maballin Motar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina miƙa miki gaisuwar girmamawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma tarin da ya addabi ƙaramar ya sake ta.

Ni ne ƙaninki, mai riƙe da digiri a fannin injiniyan lantarki da sakamako mai daraja, wanda kika daina ɗaukar wayarsa tun musun da muka yi a barandar asibiti. Maƙasudin wannan takarda guda ɗaya ne. Ina buƙatar kwalin da kika ɗauka a gareji ranar da za ki koma, wanda ke ɗauke da maballin cok na motar Baba, da igiyarsa ta ƙarfe, da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta.

Bari in yi miki bayani a ilmance, domin a asibiti ba ki bar ni na kai ƙarshen jumla ba. Cok wani marfi ne a bakin kafireto da ke rage iska domin mai ya yi yawa lokacin da inji yake da sanyi. A tsohon tsari sai an ja maballi da ƙarfin hannu. Likita ya tabbatar mana cewa shanyewar jiki ta raunana hannun Baba na dama. Bisa wannan hujja na cire tsohon tsarin na sa na lantarki: wani sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfe, da wuta ke ɗumamawa, ya riƙa buɗe marfin sannu a hankali da kansa. Na ja masa waya daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, na sa masa fiyus. Aikin ba shi da aibu. Murɗawa ɗaya motar ke tashi, abin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara.

Sai dai an samu wani al'amari da ba ya cikin nazarina.

Kin san ɗabi'ar Baba. Ko da ya daina tuƙi, ba ya sa komai a bakinsa da safe sai ya ɗumama motar. Washegarin da aka sallamo shi na riƙo shi har gareji, ina ta zumuɗin ya ga abin da na yi masa. Ya zauna, ya shafa sitiyari, ya miƙa hannu inda maballin yake, yatsunsa suka faɗa rami. Ya laluba, ya sake lalubawa. Na soma yi masa bayanin ci gaban fasaha, bai ko kalle ni ba. Abin da ya ce kawai: “Wannan ba motata ba ce.”

Na nuna masa lambar motar, na nuna masa yagewar kujerar baya wadda ke da kanki kika yi da almakashi. Ya ce masu musanya mota sun fi haka wayo. Ya sa aka fitar masa da kujera bakin ƙofa, wai zai jira a dawo masa da tasa, kuma ba zai karya ba sai ta zo. Maganinsa kuwa sai an ci abinci ake sha. Sai can da yamma Umma ke samu ta lallaɓa shi ya kurɓi wani abu. Ni kuma kullum tana tambayata ko a cikin darussan da na haddace akwai wanda ake tauna wa mutum ya ƙoshi.

Ina roƙon ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda kwalin, ba tare da jinkiri ba. Umma tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Injiniya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wayi gari lafiya, ke da mutanen gidan baki ɗaya. Direba ya dawo hannu rabbana, ya ce kin karɓi takardar kin sa a jaka, kin ce kin ji. Yaya, jin ba ya ɗaure igiya a jikin kafireto.

Kada ki zaci na zauna na naɗe hannu. Na zagaye kasuwar kayan mota rumfa-rumfa. Igiyar irin wannan mota ta ƙare a duniya, wani mai shago har dariya ya yi, ya ce in gwada gidan tarihi. Na dai samu wani baƙin maballi mai kama da na Baba, na ɗaura shi a ramin da ɗan sifirin a bayansa domin ya yi tauri idan an ja. A ƙa'ida, ido ba zai bambance su ba. Na manta cewa Baba ba da ido yake sanin motarsa ba. Yana taɓawa ya ce nasa yana da wani kwari a gefe inda babban yatsansa ke kwanciya. Duk da haka Umma ta yi ta ba shi baki har ya yarda ya murɗa makulli. Motar ta tashi. Ya tura maballin ciki, ƙarar inji ba ta sauya ba. Ya janyo shi, ba ta sauya ba. Can, hannunsa yana kan cinyarsa, sai ƙarar ta sauka da kanta. Yaya, ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba irin na wannan safiya ba. Ya ce akwai wani a cikin motar da ke tuƙa ta, a fitar da shi.

Tun daga ranar ya daina ce mini Auta. Bakanike yake kirana. Idan na shigo falo sai ya ce wa Umma ta ɓoye makullai, bakaniken da ya sace masa mota ya zo. Na kawo masa hoton bikin kammala karatuna, ya duba da kyau, ya ce wannan ɗansa ne, yaro mai surutu amma mai kirki, ya tambaye ni inda na samo hoton. Likita ya ce irin wannan ruɗewa tana biyo bayan ciwon, kuma abin da ke riƙe mai ita shi ne abubuwan da ya saba taɓawa. Ya kuma ce idan rashin cin abincin ya ci gaba, sai an mayar da shi gadon asibiti an sa masa ruwa. Wandonsa ya soma zamewa, jiya sai da na ƙara wa bel ɗinsa huda.

Na san kin ce kada in taɓa motar. Idan so kike in rubuta cewa ke ce da gaskiya, ga shi na rubuta, da hannuna, kuma zan sa hannu a ƙasa. Ki hukunta ni da duk abin da kika ga dama, amma ba da cikin Baba ba. Idan kin zubar da kwalin ne, ki gaya mini inda kika zubar, in je in tona.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Allah ya sa kina lafiya, ya saka miki da alheri. Kwali ya iso, tare da 'yar takardarki.

Na karanta ta a tsaye a gareji. Ban san cewa kin ɗauki maballin ne domin kin fid da rai Baba zai fito daga asibiti ba, kina son ki riƙe abin da hannunsa ya goge. Ban kuma san Umma tana ɓoye miki halin da ake ciki a waya ba, har kika ɗauka zuzutawata ce irin ta kullum. Ni ina gyara masa mota domin ya dawo, ke kina ajiye abin tunawa da shi, kuma muka tsaya a baranda muna yi wa juna ihu.

Na kwance aikina gaba ɗaya. Na cire sifirin da wayar da fiyus, na mayar da ƙarfen, na zura igiyar bayan na shafe ta da man giris har ta yi santsi. Da safe na roƙi Umma ta ce masa an dawo da motarsa. Ya taso da kansa. Ya zauna, ya miƙa hannu, babban yatsansa ya kwanta a kwarin nan. Ya shafa shi a hankali. Da ya zo jan maballin, hannun ya gaza, kamar yadda likita ya faɗa. Na durƙusa a bakin ƙofa na tallafi gwiwar hannunsa, bai hana ni ba. Muka ja rabi. Ya taka totur, ya murɗa makulli, ta yi tari, ta mutu. Ya sake murɗawa, ta kama. Ya karkata kai yana saurare, yana tura maballin kaɗan-kaɗan, ƙarar tana sauka a ƙarƙashin yatsansa. Da ta daidaita ya kashe ta, ya ɗaga murya ya tambayi Umma ko yau ba za a ba mutane abin karyawa ba ne a gidan nan. Ya ci, ya nemi ƙari, ya sha magani.

Yana cikin ci ya yafito ni. Na matso, ina jiran in ji sunana. Ya riƙe hannuna ya ce: “Bakanike, Allah ya yi maka albarka, ka dawo da amana. Ina da ɗa da ya yi karatun injiniya. Idan ya zo, kada ka bari ya taɓa ta.”

Na ce masa to.

Yanzu kowace safiya ni ke tallafar hannunsa, kuma ya ce wa Umma a riƙa zuba wa bakanike abinci, yaron yana da ladabi. Na tambayi likita ko Auta zai dawo masa. Ya ce ba shi da amsa. Na duba duk littattafan da zan iya samu, su ma ba su da ita.

Yaya, har yanzu yana kiran sunanki. Jiya ya tambaya sau da yawa ko kin taso daga makaranta, ya ce a bar miki ƙofa a buɗe. Ban san tsawon lokacin da sunan zai zauna a bakinsa ba, ni nawa a safiya ɗaya ya fita. Ki nemi hutu a wurin aiki ki zo ya gan ki tun yana neman ki. Kada ki kira ni a waya, domin muryata ba za ta riƙe ba. Ina buƙatar amsarki a rubuce, da ranar da za ki taso, ta hannun wannan direba, kafin Laraba sha huɗu ga wata.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙaninki,
Auta