Na Fasa wa Yayan Matata Baki a Kan Takardar Haraji

Assalamu alaikum Admin da sauran 'yan uwa. A ɓoye sunana, mu da yawa a nan mun san juna. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku gaya min gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba.

Ni ma'aikacin kemis ne a wani asibiti a nan Madina, muna zaune a unguwar Sultana ni da iyalina. 'Yata ta fari a Amurka aka haife ta lokacin ina karatu, to da ta gama sakandare sai muka tura ta jami'a can, tana zaune a gidan yayan matata. Shi ke ba ta ɗaki da abinci, wannan ban musa ba, amma kuɗin makaranta ni nake biya, da aikin ƙarin lokaci da komai. Mota ma na kasa canzawa saboda karatun nan.

Makon jiya yayan nata ya zo Umara, ranar Juma'a ya zo gidanmu cin abincin rana. Muna shan shayi ya ba ni wayarsa in ga hotunan yarinyar, sai ga saƙo ya shigo daga mai yi masa takardun haraji, da sunan 'yata a ciki. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya ce ai ba komai ba ne, shekara biyu ke nan yana sa ta cikin waɗanda yake ɗaukar nauyinsu, gwamnatin can tana yi wa mai ɗalibi a jami'a rangwamen haraji. Na ce wa ya ba ka izini, da gumina za ka je ka karɓi kuɗi? Ya ce doka ta ba shi dama tunda a gidansa take kwana. Murya ta fara tashi, matata tana ta cewa mu bari yara suna ji. Sai ya ajiye kofinsa ya ce, “Ka kwantar da hankalinka, a takarda dai ni ne ubanta.”

Ban san lokacin da na ɗauki butar shayin ba. Ta ƙarfe ce, da ita na buga masa a baki. Ya faɗi a kan tire, na bi shi na danne, ina ta naushinsa, jini ya ɓata masa farar riga har ƙasa. Matata ta riƙe min hannu na watsar da ita, goshinta ya bugu da bakin tebur. Maƙwabcinmu ɗan Sudan ne ya shigo ya ɗaga ni daga kansa. Haƙoransa biyu sun fita, an yi masa ɗinki a leɓe, matata ma ɗinki huɗu a goshi. Ƙannen yarinyar duk suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo, ƙaramar ta yi fitsari a wando.

Gaskiya har washegari ina ganin ni ke da gaskiya. Sai ga 'yata ta kira ni. Ita Hausa tana ji amma da Larabci take mayar da magana, ranar kuwa da Hausa ta yi min. Ta ce ita ce ta roƙi Kawu ya yi hakan. A shekararta ta farko ta faɗi kwas biyu, dole ta sake su, kuma sai an sake biya. Abin da aka rage masa na haraji bai ci ko sisi ba, da shi aka biya, har ya cika daga aljihunsa, ta kuma sa shi ya rantse ba zai gaya min ba. Na ce me ya hana ki gaya min, ni ba ubanki ba ne? Sai ta ce, “Abba, ka manta abin da ka yi min a kan sakamakon aji uku? Har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai.” Wallahi ban san kunnen bai warke ba, ba wanda ya taɓa gaya min.

Yanzu ga inda muke. Shi yana otal kusa da Harami, takardar asibiti tana hannunsa, in ya kai ta wajen shurɗa, wato 'yan sanda, aikina da iƙamata ta zama a ƙasar sun tafi, ƙila har da kurkuku. Bai kai ba, bai kuma ce ba zai kai ba. Na je sau biyu ya ce a ce min ba ya nan. Matata tana dafa abinci tana ajiye min, amma tun ranar ba ta kalli fuskata ba, ta koma ɗakin yara. 'Yata ta turo wa uwarta saƙo cewa wannan hutun ba za ta zo gida ba.

Ba zan ɓoye muku ba, maganar nan ta “ni ne ubanta” har yanzu tana ci min rai. Shi ya sa nake tsoron sake zuwa ni kaɗai, ban yarda da kaina ba. In kuma na ɗauki dattawan unguwa, dole su ji cewa yarinyar ta faɗi jarrabawa, su ji maganar kunnen, ita kuma ta roƙe ni kada kowa ya sani.

Jibi da azahar zai tashi. In je in zauna a ƙofar otal ɗin har ya fito, ko in bar shi ya tafi ya huce? In bar shi ya ci gaba da sa ta a takardunsa, ko in nema mata ɗakin makaranta? Ita kanta 'yar tawa, ta ina zan fara mata magana? Kuma in akwai wanda ya taɓa fama da irin wannan zuciyar ya samu sauƙi, don Allah ya gaya min wajen wa ya je.