Baba ya yi wa layin gwajinmu feshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwanakin nan ko zama wuri ɗaya na kasa yi.

Ni ɗan Kano ne, ina aiki a wata cibiyar binciken noma a bayan garin Dubai. Muna bincike a kan kanola, shukar nan mai fure ruwan ɗorawa da ake tatsar man girki daga 'ya'yanta. Akwai wata farar fumfuna da ke ruɓar mata da kara, ita muke neman maganinta. Yadda aikin yake, da gangan muke sa wa shukar cutar, sai mu yi wa wasu layuka feshi, wani layin kuma mu bar shi haka nan cutar ta cinye shi, don da shi ake gane ko maganin ya yi aiki. Kuma a ƙasar nan sai lokacin sanyi kanolar take yi, in ya wuce sai baɗi.

To akwai wani dattijo, zan kira shi Baba, mutumin Ghana ne ɗan zango. Lokacin da na sauka garin nan ban san kowa ba, shi ya ba ni wurin kwana a ɗakinsu a unguwar Al Ras, da shi muke cin kwano ɗaya. Da aikinsa ya ƙare, ni na roƙa aka ɗauke shi ban ruwa a wurinmu, kuma bizarsa a kan aikin nan take.

Layin da muka bar wa cuta sai kawai ya warware, ganye shar, kara tsaye. Shugabarmu ta kusa yin rawa, wai irin nan da kansa yake ture cutar, za ta rubuta rahoto a fara ba manoma shi su gwada. Ni ma har na fara hura hanci.

Ranar Juma'a bayan masallaci Baba ya riƙe min hannu yana murmushi, ya ce, “Ɗana, khalas, magana ta ƙare, na rufa maka asiri. Layin nan da ka manta, na ga zai mutu oga ta yi maka faɗa, sai na fesa masa kaɗan-kaɗan. Kada ka faɗa wa kowa, don Allah na yi.”

Mutumin da ya tashi a gona, ya za a yi ya yarda akwai shukar da ake bari ta mutu da gangan? Wallahi har godiya na ji bakina yana yi masa.

Na yi wa matata waya, muka ƙare da faɗa. Ita dai cewa take in yi shiru, wanda ya ba ka katifa ba ka da kowa ba za ka sa a ɗora shi a jirgi ba. Na ce manoman da za su shuka irin nan su ƙi sayen magani fa? Ta ce ai ban san su ba, Baba na sani. Na yi tunanin in ce ni na yi kuskuren, amma shugabar ta san lokacin feshin ina hutu a gida, kuma ba ta da wasa a kan irin wannan. In na faɗi gaskiya korarsa za a yi, a soke biza, ga shekarunsa babu mai sake ɗaukarsa.

Ranar Lahadi za ta tura rahoton. Ɗazu kuma Baba ya ja ni gefe, wai ya ga wani layin ya fara fari a gindi, in kwantar da hankalina, gobe zai yi maganinsa. Jama'a, wa zan fara samu, shi ko ita? Kuma da wane baki zan gaya masa?